Daga Ɗauri Zuwa Ɗinki: Tsara Suturar Mai Juna Biyu a Ikara da Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda sutura take bin jikin mace Bahaushiya daga shigar ciki zuwa yaye, a ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan na Jihar Kaduna. An tattaro bayanai ta hanyar lura da aikin teloli da tattaunawa da masu ɗinki da dattijai mata, sannan aka auna abin da aka gani da abin da ilimin ungozomanci ya tabbatar game da sauyin jikin mai ciki. Muƙalar ta nuna cewa zane sutura ce da awonta yake hannun mai ɗaura ta, kuma matsalar matsewar kaya ta taso ne lokacin da awo ya koma hannun tela. A kan haka aka kawo hanyoyin mayar wa ɗinkin zamani wannan sassauci ta amfani da ƙubaka da mazagi da cuna, ba tare da an keta kunyar da al'ada ta lulluɓe ciki da ita ba.

Fitilun kalmomi: sutura, juna biyu, zane, ɗinki, kunya, Zazzau

1.0 Gabatarwa

Kalmar awo tana da fuska biyu a rayuwar matar aure a ƙasar Hausa ta yau. Akwai awon da tela yake yi da tef kafin ya sa almakashi a atamfa, akwai kuma awon da mace take zuwa asibiti idan ta samu juna biyu. Na farko sau ɗaya ake yin sa, bisa zaton cewa jikin da aka auna zai tsaya yadda yake. Na biyu kuwa maimaita shi ake yi, domin an san jikin ba zai tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2016, ta ɗaga adadin ganawar mai ciki da ma'aikatan lafiya daga huɗu zuwa takwas. Tazarar da ke tsakanin waɗannan awo biyu ita ce abin da wannan muƙala ta sa a gaba.

Nazarce-nazarcen tufafin Hausawa sun fi karkata ga na maza, musamman babbar riga da aikin da ake yi mata da rawani da kayan sarauta. Tufafin mata galibi jero sunayensu ake yi a wuce: zane, gyauto, fatari, kallabi, mayafi. Da wuya a tsaya a tambayi aikin da kowannensu yake yi wa jikin da ke sauyawa. Alhali kuwa binciken ƙididdigar jama'a da lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a ƙasar 5.3 ne, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Idan aka ɗauki haihuwa shida kawai, ciki shi kaɗai ya ci wata 54, wato shekara huɗu da rabi. In aka ƙara shayarwa ta shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane ɗa, za a ga mace ta shafe shekara goma sha uku da rabi zuwa goma sha shida da rabi tana tsakanin ciki da goyo. Ke nan a wannan yanki, jikin da ke hawa da sauka shi ne jikin matar aure na yau da kullum, kuma a kansa ya kamata a gina tsarin ɗinki.

1.1 Farfajiyar Nazari

Ƙananan hukumomin uku suna arewacin Jihar Kaduna, cikin Masarautar Zazzau. Hedikwatar Kudan tana Hunƙuyi, sauran biyun kuwa a garuruwan da suka ci sunansu. Yanki ne na noma, an san shi da rake da mazarƙwaila da tumatir da masara, kuma babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta ratsa shi ta Tashar Yari. Wannan hanya ita ce ke kawo yadi daga Kantin Kwari a Kano da kasuwar Sabon Garin Zariya zuwa garuruwa irin su Paki da Gimi da Likoro. Salon ɗinki kuwa yanzu ba ya jiran mota. A waya mace take nuna wa tela hoton da ta gani a WhatsApp, ta ce irinsa take so.

2.0 Jikin da Ake Yi wa Sutura

Ciki yakan kai kimanin mako 40. Mahaifa takan fara leƙowa daga ƙugu wajen mako na 12, ta kai cibiya wajen mako na 20, ta kusanci ƙahon zuci wajen mako na 36. Daga mako na 24, tsawon da ma'aikaciyar lafiya take aunawa daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa da santimita yakan yi kusa da adadin makonnin cikin. Ga mace mai matsakaicin jiki, ƙarin nauyin da Cibiyar Nazarin Magunguna ta Amurka ta ba da shawara a 2009 shi ne kilo 11.5 zuwa 16.

Abin da ya shafi tela a nan shi ne, wannan ƙari ba ya rabuwa daidai a jiki. Gaba ne yake turowa, baya kuwa kusan yadda yake. Ƙirji yakan riga ciki cika, haƙarƙari ya buɗe, gadon baya ya lanƙwashe, a watannin ƙarshe kuma ƙafa da hannu su kumbura. Saboda haka rigar da aka ƙara wa faɗi ta ko'ina takan yi yawa a kafaɗa da baya, ta kuma ɗage a gaba, domin tudun ciki yana cin tsawo kamar yadda yake cin faɗi. Ga kuma zafi. Mai tsohon ciki a watan Afrilu, cikin yadin roba mai shafi, tana cikin wani hali da wanda ya zana salon bai taɓa tunaninsa ba.

3.0 Zane: Awo a Hannun Mai Ɗauri

Tun a 1851 da Heinrich Barth ya isa Kano, ya ambaci zane da turkuɗi cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Abin lura game da zane shi ne ba a yanka shi bisa jikin kowa. Falle ne mai kusurwa huɗu, girmansa ɗaya, amma mai ɗaura shi ita ke ba shi awo kowace safiya.

A ɗauki misali. Turmin atamfa yadi shida ne, a bisa al'ada yadi biyu ake ware wa zane, wato inci 72. Matar da kewayen ƙugunta ya kai inci 40 tana da rarar inci 32 da za ta haɗe gaba da ita. Idan cikinta ya tsufa har kewayensa ya kai inci 48, tana da sauran inci 24, wanda ya isa ya rufe ta ko da ta buɗe taki. Ba ta je wurin kowa ba, ba ta biya ko sisi ba, ba ta kuma faɗa wa kowa dalili ba. Bayan faɗi, mazaunin ɗaurin ma yana hannunta: ta ɗaura a ƙugu, ko a ƙasan mara, ko a saman ciki, ko ta yi ɗaurin ƙirji idan tana cikin gida. Idan gaba ya ɗage sai ta karkata ɗaurin, ta sassauto gaba ta ɗaga baya. Bayan haihuwa, zanen nan shi ne na wankan jego, shi ne na goyo tare da majanyi, in ya tsufa kuma ya koma shimfiɗar jariri.

Tufafin maza ma a kan wannan hikima aka gina su. Wandon gargajiya ba shi da awon ƙugu. Bakinsa ake kalmashewa a yi ƙubaka, a zura mazagi, wanda wasu ke kira zariya ko tazuge, mai wando ya tsuke daidai cikinsa. Riga kuwa, idan ana son buɗa ta, cuna ake sa mata a gefe. Ashe kalmomin sassauta tufa suna nan a rumbun harshen, abin da ya rage shi ne a kai su ɗakin ɗinkin mata.

4.0 Lokacin da Awo Ya Koma Hannun Tela

Riga da zane na iyayenmu, mai buba mai faɗi, bai rabu da wannan sassauci ba. Sauyin ya zo ne da riga da siket da doguwar riga mai bin jiki, irin wadda teloli ke cewa an fitar mata da shef. A nan ana tsuke ƙugu da dat, a sa shafi, a kafa zif a baya. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ƙulle awo yake yi.

A sake komawa lissafi. Rarar da tela yake bari a cikin ɗinkin gefe ba ta cika wuce inci ɗaya ba. Tunda kowane gefe falle biyu ne, idan aka farke aka saki duka, inci huɗu za a samu a kewaye. Siket ɗin da aka yanka a kan ƙugu mai inci 30 zai tsaya a 34, alhali cikin yana kan hanyarsa ta wuce 40. Ga shi kuma shafi ma sai an farke shi, layin tsohon ɗinki kuma yakan bar tabo a atamfar da ta sha wanki. Tufka da warwara ke nan, da kuɗin ɗinki sau biyu.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan lefe. Ana ɗinka su ne a lokacin da amarya take mafi sirantar da za ta taɓa yi, kuma a lokacin ne ake son ɗinki ya zauna a jiki. Cikin 'yan watanni sai ciki ya shiga. Atamfofi da lesukan da ango ya tara da kuɗin rake ko na tumatirin rani sai su koma ƙasan akwati, wasu kuma ba za su sake shiga ba har abada, domin jikin da ya haihu ba lallai ya koma gidan jiya ba. Zane ko ya yi shekara goma zane ne. Turmin da aka yayyanka aka yi siket mai fallaye shida kuwa ba ya komawa turmi. A ganin mai wannan nazari, asarar da ke cikin akwatin amarya ta isa a ɗauke ta a matsayin batun tattalin arzikin gida, a daina kallonta a matsayin zancen kwalliya kawai.

5.0 Kunya a Matsayin Sharaɗin Tsari

Mai karatu zai iya cewa ai sai ta koma wurin tela a sake auna ta. Nan ne al'ada take shigowa. Bahaushiya ba ta shelar ciki, balle cikin fari. Harshen kansa kewaye yake yi: a ce tana da juna biyu, ko ta yi nauyi, in ta haihu a ce ta sauka. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna zurfin kunyar da ke tattare da ɗan fari a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, wato maƙwabtan yankin da ake magana a kai. Har yau akwai kunyar surukai, akwai kuma tsoron baki da kambun baka, wanda kan sa a ɓoye ƙaramin ciki har sai ya bayyana kansa. Ƙari a kan haka, da yawa daga masu shagon ɗinki a kasuwa maza ne. Matar aure takan aika yaro da tsohuwar rigarta a matsayin gwaji, ba ta tsayawa a zagaya mata tef a ciki. Tsohuwar rigar kuwa jikin bara take faɗa.

Hijabi ya sauƙaƙa wani ɓangare na matsalar. Elisha Renne, a littafinta na 2018 kan lulluɓi da rawani da gyaran addini a Arewacin Nijeriya, ta bi sawun yaɗuwarsa a Zariya ta hanyar makarantun Islamiyya na matan aure bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Dogon hijabi yana rufe ciki daga idon waje, har ma yana rufe zif ɗin da aka bari a buɗe saboda ya ƙi rufuwa. Sai dai rufin ido ne kawai, matsin yana nan a ƙarƙashi.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan kunya ba. Lena Bryant, wadda ta buɗe shagon Lane Bryant a birnin Niyok a 1904 ta kuma yi suna da rigar masu ciki mai roba a ƙugu, sai a 1911 ta samu jaridar da ta yarda ta buga mata tallar rigar. Amma hanyar da Turawa suka bi daga baya, ta ware kayan masu ciki a matsayin kaya na dabam da ake saye a ajiye bayan wata tara, ba ta dace da nan ba ta fuska biyu. Ta fuskar aljihu, babu mai ɗinka kayan da zai yi wata huɗu kawai. Ta fuskar al'ada kuwa, rigar da kowa ya gani ya san ta masu ciki ce ta riga ta yi shelar da mai ita take gudu. Sharaɗin farko ke nan: suturar ta zama wadda mace za ta sa kafin ciki da lokacinsa da bayansa, ta kuma sassauta ta da hannunta a cikin ɗakinta.

6.0 Mayar da Ɗauri Cikin Ɗinki

Sharaɗi na biyu na kayan aiki ne. Tun da aka ƙirƙiro zaren roba mai talewa a kamfanin DuPont a 1958, masu ɗinkin waje suka dogara da yadi mai miƙewa. Irin wannan yadi yana son keke na musamman da wutar lantarki. Keken ƙafa irin Butterfly da ke zauruka da ɗakunan matan Hunƙuyi da Ikara miƙaƙƙen ɗinki yake yi, wanda kan tsinke idan yadin ya talu. Don haka tsarin da zai yi aiki a nan shi ne wanda za a iya yi da atamfa da keken ƙafa.

A siket, abin da ya fi dacewa shi ne a raba aikin gaba da na baya. A yanka baya daidai jiki kamar yadda aka saba, tunda ba ya sauyawa sosai. Gaba kuwa a bar masa ƙarin inci 14 zuwa 16, a ɗaga shi sama da na baya da inci uku, a yi masa ƙubaka, a zura mazagi da zai fito ta gefe. Kafin ciki, ƙarin zai zama tattara a ƙarƙashin riga. Yayin da ciki ke girma, mai shi tana saki kaɗan-kaɗan. An fifita mazagi a kan roba da gangan. Roba takan mutu da zafin rana da dutsen guga na gawayi, tana kuma matsa wa fata daidai wa daida ko da mace ta ci abinci ko ta zauna, alhali mazagi ana sassauta shi nan take, in ya tsinke kuma ƙyallen atamfar ya isa a yi wani. Wata hanyar ita ce siket mai naɗi, wanda zane ne da aka fitar wa ƙugu a baya aka sa masa igiya biyu. Ga wadda ba ta son zane saboda tsoron kwancewa a kan babur, wannan ya raba gardama.

A riga, wurin da ya kamata tsukewa ta zauna shi ne ƙasan ƙirji, domin nan ne mafi ƙarancin sauyi a tsakanin ƙirji da ciki. A mayar da mahaɗin riga can, a yi ƙubaka ta ciki, a saki ƙasan da tattara ko ninki. A gefe, daga hammata zuwa ƙasa, a sa cuna mai faɗin inci uku zuwa huɗu wadda za a naɗe ta ciki da maɓallai layi biyu, ta yadda mai rigar za ta matsa daga layi zuwa layi ba tare da almakashi ba.

Tsawon gaba yana da wata 'yar matsala da ta keɓanta da atamfa. Mata suna son a bar bakin atamfa a ƙasan doguwar riga ko siket, saboda adon da ke bin baki da kuma sunan kamfani da ke nuna darajarta. Wannan ya hana a ƙara tsawo daga ƙasa. Mafita ita ce a ƙara shi daga sama, a yanka saman fallen gaba da ɗan tudu a tsakiya, inci biyu zuwa uku, wanda mazagin ƙasan ƙirji zai haɗiye kafin ciki ya buƙace shi. Faɗin atamfa wajen inci 45 ne, saboda haka ga doguwar mace sai an yi dabarar ƙara wani falle a mahaɗin.

Akwai kuma abin da ɗakin awo yake buƙata, wanda teloli ba su cika sani ba. Mai doguwar riga sai ta tattare ta tun daga idon sawu har ƙirji kafin a duba cikinta, mai riga da zane kuwa ɗaga riga kawai za ta yi ta sassauta zane. Ga mai kunya, bambancin nan ba ƙarami ba ne. Hannun riga ma ya kamata ya naɗu har damtse, saboda awon jini da allurar rigakafi. Maƙarfi ce mazaunin kwalejin kimiyyar lafiya da aka raɗa wa sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, kuma da za a haɗa ɗalibanta da ƙungiyoyin teloli na yankin a zama ɗaya, da kowa ya koya wa ɗan'uwansa awonsa. A ɗaya gefen, kada neman yalwa ya kai ga bubu mai fuka-fukai na yadin roba ga matar da ke girki a murhu. Auduga ma tana cin wuta, amma yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata.

7.0 Kayan Fitar Suna

Gwajin da ya fi kowane tsanani ga tela shi ne kayan fitar suna. Ana kai su ɗinki tun kafin haihuwa ko cikin kwanakin farko bayanta, za a kuma sa su ran kwana bakwai a gaban taron dangi. Babu gwajin da zai yi daidai. Rigar da ta sa kafin ciki ta yi kaɗan, awon tsohon ciki ya yi yawa, jikin mai jego kuwa kullum sauyawa yake yi, domin mahaifa takan ɗauki kimanin mako shida kafin ta koma mazauninta, wanda ya yi daidai da arba'in ɗin da al'ada ta ware. Ƙirji kuma a makon farko ne yake cika da ruwan nono. Tela dai cinta yake yi, in bai dace ba a kwana ana farka da sakewa.

Riga mai mazagi a ƙasan ƙirji ta kawar da cintar. Abin da za a ƙara mata shi ne hanyar shayarwa: a ɗauke zif daga baya a dawo da shi gaba, a ɓoye shi a ƙarƙashin ninki, a sa masa marfin yadi ta ciki don kada haƙoransa su karci fuskar jariri. Zif ɗin baya dama sai da taimakon wani ake jan sa, kuma yakan danni ƙirjin yaro idan aka goya shi. Ga wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, dole bakin siket ya zauna sama da cibiya, nesa da ɗinkin da ke ƙasan mara, kuma mazagi ne ke ba ta damar zaɓar inda zai zauna.

Saura suna. Duk telan da ya kira wannan ɗinki rigar masu ciki ya kashe kasuwarsa da bakinsa, domin babu amaryar da za ta aika yaro da wannan saƙo, babu kuma uwar da za ta sa a ɗinka wa 'yarta shi cikin lefe a gaban dangin miji. Sunan da zai karɓu shi ne wanda ya bayyana ɗinkin ya yi shiru a kan dalilinsa, kamar riga mai zariya ko siket mai naɗi. Da irin wannan suna, gwaggon amarya za ta iya ware uku daga cikin turamen lefe ta ce a yi musu shi, kowa a ɗakin ya gane abin da ake nufi ba tare da an ambace shi ba.